Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Motar Tsere da Motar Gida



Kwamitin shirye-shirye ya ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan wani abu daga fannin da na shafe shekarun aikina a ciki, wato injiniyancin motoci, bisa sharaɗin kada in cika muku kunne da lissafi. Na karɓi sharaɗin. Abin da na zaɓa kuwa tambaya ce da 'ya'yanmu kan yi idan suna kallon tseren motoci a talabijin: shin wannan Honda ko BMW da ke tsala gudu a fili, ita ce irin wadda ke ajiye a ƙofar gidanmu?

Ba motocin Formula One nake nufi ba, masu kujera ɗaya da tayoyi a waje kamar ƙafafun fara, don su ba su taɓa cewa sun yi kama da motar kowa ba. Ina nufin motocin nan masu rufi da ƙofofi da but da fitilu, waɗanda ke ɗauke da sunan motar da ake sayarwa a kasuwa. Bari mu kira gasarsu tseren motocin gida. Kamfanin da ya shiga wannan gasa abu biyu yake so, kuma ba sa jituwa: yana so ya ci tseren, yana kuma so ɗan kallo ya gane motar, ya je ya saya. Shi injiniya babu ruwansa da kama, gudu kawai ya sani. Idan aka sakar masa mara, babu abin da zai bari na motar gida sai tambari. Saboda haka duk kamar da kuka gani tsakanin motocin biyu, littafin dokokin gasa ne ya tilasta ta, kuma idan doka ta sauya, kamar ma sai ta sauya.

A shekarar 1982 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa dokokin da aka sani da Rukunin A. Dokar ta ce kafin mota ta shiga gasa, tilas kamfani ya ƙera guda 5,000 irinta cikin wata 12 don sayarwa ga jama'a. An yarda a gyara cikin inji, a cire kujeru, a ƙarfafa birki, amma surar bodi da tushen inji dole su zama na motar kasuwa. Bayan haka an ba da damar fito da ingantaccen samfuri, muddin an ƙera 500.

To, a nan ne abin ya juya. Tun da ba a yarda a sa wa motar tsere abin da motar gida ba ta da shi ba, sai kamfanoni suka ce to bari mu sa wa motar gidan tun daga masana'anta. Haka aka haifi BMW M3 ta farko a 1986. An faɗaɗa mata kumatun taya, an ɗaga murfin but, har gilashin baya an sake masa kwanciya don iska ta wuce sumul, duk domin wadda za ta shiga fili ta gaji waɗannan abubuwa. Roberto Ravaglia ya ci gasar duniya ta 1987 da ita. Ford kuwa ta fito da Sierra RS500 a 1987, guda 500 cif. Wanda ya saye ta ya sami ƙarfin doki 224, amma a cikin injin akwai ƙarin bututun fesa mai guda huɗu da ba sa aiki, suna zaune kawai. An sa su ne don masu tsere su haɗa su, su fitar da ƙarfin doki wajen 500. Kun ga ke nan a wancan zamani motar gida ce take kwaikwayon motar tsere, kuma mai saye yana biyan kuɗin kayan da ba zai taɓa amfani da su ba.

Alƙalan gasa ma ba su ɗauki maganar da wasa ba. A tseren Bathurst na ƙasar Ostareliya a 1987, Sierra biyu ne suka zo na ɗaya da na biyu, amma aka soke sakamakonsu saboda an taɓa kumatun taya fiye da yadda doka ta yarda, aka ba Peter Brock nasara. Tseren kilomita 1,000 ya tashi a banza saboda ɗan ƙarfen da aka buɗa.

Daga farkon shekarun 1990 sai Ingila ta kawo sabon tsari mai suna Super Touring, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mota mai inji lita 2, babu tarbo, kuma injin ba zai wuce juyi 8,500 a minti ba. A ganina wannan shi ne zamanin da ya fi daɗin kallo, kuma shi ne ya fi ruɗin ido. Motocin na magidanta ne sak: Ford Mondeo, Nissan Primera, Honda Accord, Renault Laguna, Vauxhall Vectra. A 1994 Volvo ma wagon ta kawo, 850, irin wadda ake ɗibar iyali da kaya, 'yan kallo suna dariya tana wuce na gabanta.

A wannan shekara ce Alfa Romeo ta yi wayon da har yau ake labarinsa. Doka ta ce ba a sa fiffike sai irin na motar kasuwa. Sai kamfanin ya ƙera 155 ta musamman, ya zuba ƙarin kayan ɗaga fiffiken baya a cikin but, wai mai mota ya ɗaura da kansa in ya ga dama, leɓen gaba kuma ana iya jawo shi waje. Tun da an sayar da motar da kayan, sai suka ce ai na motar kasuwa ne. Gabriele Tarquini ya ci tsere biyar na farko a jere, sauran kamfanoni suka yi ca, rigima ta kai har Alfa ta janye motocinta daga zagayen Oulton Park don nuna fushi. Duk da haka shi ya ci gasar. A 1995 aka ɗaga adadin motocin da za a ƙera zuwa 25,000, aka kuma halatta wa kowa fiffike. Wannan ya sa Volvo ta ajiye wagon ta koma salun.

A cikin waɗannan motoci akwai wadda muka sani ciki da waje, wato Peugeot 406, Fijo a bakinmu, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna. Laurent Aïello ya ci gasar Jamus ta 1997 da ita. Idan an jera tasa da ta wani babban sakatare, daga nesa sai fenti ya raba su. Amma buɗe ƙofa ka gani. Babu kujerun fasinja, babu kafet, babu na'urar sanyaya iska, sai keji na bututun ƙarfe da aka yi wa walda ya kewaye direba. Kujerar direban an ja ta baya, an matso da ita tsakiya don nauyi ya daidaita. Injin an sauke shi ƙasa, an matsa da shi baya iyakar yadda doka ta bari, yana ba da ƙarfin doki kusan 300, ninki biyu na ta gida ko fiye. Giyar ba irin tamu ba ce da ake lalube, ja ake yi ko turawa, ɗaya bayan ɗaya. Tayoyin babu zane, ba sa riƙe ƙasa sai sun yi zafi. Cikinta kuma ya kusa shafar kwalta, ta yadda tudun rage gudu na farko a unguwa zai tsayar da ita. Kura ce da fatar akuya. Ɓoye kura a cikin fatar akuya kuwa akwai tsada, miliyoyin fam a shekara, har ta kai a 2000 kamfanoni uku kaɗai suka rage a gasar Ingila, Ford da Honda da Vauxhall, tsarin ya mutu.

Maganin da Ingila ta samo daga 2011 shi ne a daina gasar kashe kuɗi. Ana ɗaukar ainihin ƙwaryar bodi ta motar kasuwa, amma ƙafafun gaba da na baya, da akwatin giya, da birki, iri ɗaya ne ga kowa, daga kamfanoni ƙwararru ake sayensu. Injin lita 2 ne mai tarbo, kuma wanda ba ya son ƙera nasa yana iya hayar injin hukumar gasar, wanda ba na kamfanin motar ba ne sam. Wato motoci biyu masu tambari daban, idan aka ɗaga su aka leƙa ƙasa, uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Jamus ta fi kowa nisa. Da aka farfaɗo da gasar DTM a 2000, motar sai ta zama inuwa kawai: inji mai silinda takwas, lita 4, yana jan ƙafar baya, ko da motar da ake kwaikwayo ba ta da irin wannan tsari. Daga 2012 har akwatin da direba ke zama a ciki iri ɗaya ne ga Audi da BMW da Mercedes. Tsada ta sake cin su, a 2021 suka koma motocin GT3, waɗanda ake ginawa daga motocin ƙawa na kasuwa.

Amurka ma ta bi wannan hanya, ko da yake tasu gasar, NASCAR, dangi ce kawai ga wadda muke magana a kai. A tserenta na farko na motocin kasuwa zalla a Charlotte a 1949, an ƙwace nasara daga Glenn Dunaway don an taɓa sifirin na bayan motarsa, aka ba Jim Roper. Toyota Camry ta shiga babbar gasar a 2007. Camry ɗin da ta cika titunanmu tana jan ƙafar gaba. Ta NASCAR tana jan ta baya, da inji mai silinda takwas wanda ba a taɓa sayar da Camry da shi ba. Ƙofofinta ba sa buɗewa, ta taga direba ke shiga. Fitilun gaban kuwa sitika ce aka manna.

Mai son ganin kama ta gaskiya a yau sai ya dubi rukunin TCR da aka fara a 2015. Bodin na kasuwa ne, injin ma daga na kasuwa aka gyara shi, ƙarfin doki wajen 350, jan ƙafar gaba, kamar Honda Civic Type R da Audi RS 3 da Hyundai Elantra N. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Hukumar gasar tana ƙara wa mota nauyi, ko ta rage mata ƙarfi, ko ta ɗaga ta daga ƙasa, don kowa ya zo daidai. Don haka idan Hyundai ta ci Honda ranar Lahadi, wannan shaida ce a kan direba da makanikansa, ba ta ce komai a kan wadda za ta fi jure hanyar Kano zuwa Maiduguri ba. Wanda zai fitar da kuɗin fanshonsa ya sayi mota, ya tambayi makanikin da zai riƙa gyara ta da mai sayar da kayanta. Idan ma hujja ake nema daga gasa, nasarar Peugeot 504 a tseren Safari na Kenya a 1975, a hannun Ove Andersson, ta fi kusa da halinmu, don a kan turɓaya da laka da ramuka aka yi shi.

Saura maganar fiffike, saboda na ga 'yan samarinmu suna ɗaura shi a bayan motocinsu, suna yanke salansa, suna sauke mota ƙasa. Shugaban taro zai yafe mini lissafi guda ɗaya, malaminmu na kimiyya yana zaune, zai gyara mini in na kauce. Ƙarfin iska a kan fiffike yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa: ka ninka gudu biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Fiffiken da ke danne mota a kilomita 200 a awa, a kilomita 50 kashi ɗaya cikin 16 na wannan aiki yake yi, wato kusan babu. A cikin gari ado ne, a babbar hanya kuma ƙarin shan mai. Abin da ke sa direban tsere ya fito da ƙafarsa bayan mota ta wuntsila shi ne kejin ƙarfe, da bel mai maɗauri biyar ko shida, da hular kwano, da rigar da ba ta saurin kama wuta, da fili inda kowa ke tafiya gefe guda, babu tirela, babu shanu, ga motar asibiti tana jira. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya zuwa tare da fiffiken da aka sayo a kasuwar kayan gyara.

Ranka ya daɗe, na ga sakatare yana duba agogo.