Amsar Wasiƙunku: Tayin Farko Turke Ne

Wani mai sauraronmu daga Sandamu ya rubuto cewa ya kai sa kasuwar Mai'aduwa, aka taya da arha, ya yi ta cewa albarka, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har ya sallama. Da ya koma gida ya yi lissafi, ashe ya faɗi. Wai wauta ce ko asiri?

Malam, ba ko ɗaya. Halin ƙwaƙwalwa ne: kuɗin da kunne ya fara ji shi ke zama turke, ciniki ya yi ta kewaya shi kamar ɗaurarriyar akuya. A 1974 masana biyu, Tversky da Kahneman, sun wallafa wani gwaji. An juya wa mutane faifai mai lambobi, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda faifan ya nuna wa 10 suka ce 25, masu 65 kuwa suka ce 45. Ka ji fa!

To, tun daga gida ka yanke kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Zagaya kara, ka ji yadda aka sayar da irinsa, kafin ka saurari tayin kowa. Allah Ya ba da kasuwa.