Jawabi Kan Zuba Kifi A Kududdufi Domin Tsuntsayen Ruwa



Da wuya a sami gari a ƙasar Katagum wanda ba shi da kududdufi, watau ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa. A Giade da ƙauyukanta ruwan damina yakan cika waɗannan ramuka, sa'an nan a bar su ga sauro da shara. Alhali kuwa idan an zuba musu kifi, sai su zama wurin samun abinci, kuma masaukin tsuntsaye.

Tsuntsayen ba daga nesa za su zo ba. Kogin Jama'are, wanda ya ratsa ƙasar Katagum, yana malalawa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen Turai ke cin rani kowace shekara. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. Zalɓe da belbela kuwa 'yan gida ne, kuma duk manomi ya san irin farar da belbela ke tsincewa a gona.

Kifin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne karfasa. Uwar takan riƙe ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, don haka takan yi yawa ƙwarai, har abinci ya kasa, kifin ya tsumbure. To, a nan zalɓe yake da rana: ƙananan da yake kamawa su ne rarar, sauran sai su sami sararin girma. Tarwaɗa tana jure ruwa mai laka, amma tana cin 'yan'uwanta, saboda haka kaɗan ake sawa.

Lalle ne a gyara ramin tun da rani. Gefe ɗaya ya yi zurfin kamar mita ɗaya da rabi, a jefa tsofaffin tukwane da rassan itace inda kifi zai ɓuya. Ɗaya gefen a bar shi ba zurfi, da ciyawarsa, gama zalɓe a tsaye yake farauta. A zuba 'ya'yan kifi masu tsawon yatsa bayan ruwa ya zauna sosai, a kwashe manya kafin ramin ya ƙafe. A kuma hana yara wanka a ciki, saboda tsargiya da haɗarin nutsewa.

Babban abin tsoro shi ne guba. An daɗe wasu na zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso. Wannan ɗabi'a takan kashe kifi babba da ƙarami, ta kashe tsuntsun da ya ci shi, ta kuma cutar da iyalin da suka sa shi a miya. Dokar kamun kifi ta Gwamnatin Tarayya ta 1992 ta haramta haka. Wanda ya yi feshi a gona ma kada ya wanke tankinsa a kududdufi. Duk wanda ya ga ana yi, sai ya sanar da mai unguwa ko malamin gona.