Shin Ƙarƙashin Teku Shiru Ne?

Wani mai sauraronmu da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ya aiko da takarda, ya ce sun yi gardama da abokinsa. Abokin ya ce in ka nutse cikin teku ba ka jin komai sai tsit, shi kuwa bai yarda ba. Wane ne ke da gaskiya?

To Malam, mun gode da takardarka, kuma kai ne da gaskiya. Amma kada ka yi wa abokin naka dariya, domin Bafaranshen nan Jacques Cousteau ma ya kira fim ɗinsa na 1956 Duniyar Shiru.

Sauti ya fi gudu a ruwa. A iska yana cin mita 340 a sakan guda, a ruwan teku kuwa kusan mita 1,500, kuma yana zuwa nesa ƙwarai.

Babban mai kawo hayaniyar shi ne saman tekun kansa. Idan iska ta kaɗa, igiyar ruwa ta tashi ta fashe, sai ta danna iska cikin ruwa, ƙananan ƙwayoyin kumfa su fito. Kowace ƙwaya da zarar ta samu sai ta girgiza ta yi ƙara. Wadda faɗinta ya kai milimita 2 takan girgiza kusan sau 3,000 a sakan. Ƙarama muryarta siririya, babba muryarta da kauri, kamar kurya da babbar ganga. Gwada da kanka: tsiyaya ruwa daga buta cikin bokiti. Wannan ƙarar da ka ji, yawanci kumfar ce.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne Amurkawa suka dukufa kan auna wannan hayaniya, don tana rufe motsin jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin ruwa. Vern Knudsen da abokan aikinsa sun buga sakamakon a 1948, inda suka nuna cewa ƙarar tana ƙaruwa gwargwadon haukan teku. Yau da na'urar sauraro ta cikin ruwa ana ƙiyasta ƙarfin iska, har ma da yawan ruwan saman da ke zuba a tsakiyar teku.

Abin damuwa shi ne ƙarar manyan jiragen nan da kake gani kullum. Ita mai kauri ce, ta kuma faɗa daidai muryar da manyan dabbobin teku masu shayarwa ke kiran juna da ita, sai nisan da suke jin juna ya ragu.

Da fatan mun raba gardama. A gaishe mana da abokin naka.