Gigin Tsufa: Mu Buɗe Masa Shafi a Littafinmu

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina roƙon ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru tana sayar da ƙuliƙuli da man gyaɗa, ba ta taɓa ɓata lissafi ba. Sai ga shi tana ajiye kuɗi ta manta, ta ce an sace. Ta ci tuwo, ta ce an hana ta abinci. Wata rana da asuba aka tsinto ta a hanyar gona, wai za ta gidan mahaifinta, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka fara raɗe-raɗin maita. Mahaifiyata kuwa ta ajiye sana'arta, ta fita daga adashe, ta zauna jinya.

Sai da na je makaranta na gane cewa gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda hawan jini yake ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyarsu, mata ne ke bayarwa. Ashe maganar tamu ce.

Har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi ba, amma akwai labari mai daɗi. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ce kusan kashi 45 cikin 100 za a iya kauce musu ko a jinkirta su. Cikin abubuwan da ya lissafa akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji da na gani, shan taba, rashin karatu da kaɗaici. Kun ga ke nan wannan haɗuwa tamu ta mako-mako ma tana da amfani bayan kuɗi.

An taɓa yin babban bincike a kan tsofaffin Ibadan tun daga 1992. To amma rayuwar Ibadan daban, ta Karaye da Rogo daban. Masu bincike na buƙatar amsar tambayoyi irin waɗannan: wa ke jinya a gidajenmu, kuma me ta rasa? Ina ake fara kai tsohuwa idan ta rikice? Me ke hana a je asibiti, kuɗin mota ne ko kunya? Amsoshin nan duk a bakinmu suke.

Don haka ina kawo shawara uku. Na ɗaya, sakatariya ta buɗe shafi a bayan littafinmu, mu riƙa rubuta abin da muke gani, ba tare da sunan kowa ba. Na biyu, mu ware wani abu daga asusun taimako don kai tsofaffinmu awon jini da na suga. Idan rikicewar ta zo farat ɗaya, musamman da zazzaɓi, a garzaya asibiti, don sau da yawa irin wannan tana da magani. Na uku, 'yar'uwar da ke jinya kada mu cire ta don ta yi fashin zubi. Mu sassauta mata, mu riƙa karɓarta ko da na yini ɗaya, ta samu ta je kasuwa. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Idan kuma kika ji an kira wata tsohuwa mayya, ki daure ki ce ba ta da lafiya ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Uwar adashe, bismillah, a buɗe akwati.