Hoto Yakan Yi Ƙarya

Dattawa, malaman aji, da sauran jama'ar Ikara da Makarfi da Kudan, barkanku da zuwa. Yau ba za mu yi baƙi da wasali ba. Maganar hoto za mu yi. Yanzu da wuya ka shiga gida ba ka sami waya mai ɗaukar hoto ba, kuma mutane da yawa sun ɗauka duk abin da hoto ya nuna gaskiya ne. Ba haka ba ne. Da madubi da rariya da tocila ana iya sa hoto ya nuna abin da bai faru ba. Zan koya muku yadda a ke yi, don ku yi nishaɗi da shi, don kuma kada wani ya cuce ku da shi.

Da farko sai mu san yadda hoto ya ke shiga akwati. Haske ba ya kwana, miƙe ya ke tafiya kamar kibiya. Ku sami gwangwanin madara wanda a ka yanke wa baki. Ku huda gindinsa da allura, huda ɗaya ƙarama. Ku shafa wa farar takarda ɗan man gyaɗa, ku rufe bakin gwangwanin da ita, ku ɗaure. Sa'an nan ku lulluɓe kanku da riga, ku juya hudar wajen wata bishiya da rana ta haska. Za ku ga bishiyar a jikin takarda, amma kanta a ƙasa, gindinta a sama. Dalili kuwa, hasken da ya taso daga kan bishiya ya bi ta huda ya sauka ƙasa, na gindi ya bi ya hau sama. Kada dai kowa ya dubi rana da idonsa.

Wannan ba sabon sani ba ne. Wani malami Balarabe, Ibnul Haisam, wanda a ka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana shi a littafinsa Kitabul Manazir. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama hoton ya zauna. Wani Bafaranshe, Niépce, shi ya ci nasarar haka wajen 1826. Wayar da ke aljihunku jikar gwangwanin nan ce.

To, ga inda dabara ta ke. Ni da ku idanu biyu gare mu, da su mu ke gane nesa da kusa. Akwatin hoto kuwa da ido ɗaya ya ke duba. Abin da ke kusa da shi babba ne a wurinsa, na nesa ƙarami, shi ke nan iyakar saninsa. Ga ɗan lissafi. In mutum ya tsaya taki biyu daga waya, wani mai tsawo irin nasa ya tsaya taki ishirin, na nesan zai fito ƙarami har sau goma. Watau sai yaro ya tsaya kusa ya buɗe tafin hannunsa, yayansa ya koma can nesa, mai ɗauka ya yi ta gyara tsayuwa har ƙafar yayan ta daidaita da tafin yaron. In hoto ya fito, sai ka ga ƙane ya ɗauki wansa a hannu kamar ɗan tsako. Ku yi shi da rana tsaka a fili, don na kusa da na nesa duk su fito sarai.

Ku mutanen Makarfi da Kudan manoman rake ne. Ɗauki kara ɗaya ka kafa shi dab da waya, ka koma baya ka ɗaga kai kamar mai kallon rimi. Mutanen Hunkuyi su gwada da tumatir guda, zai fito kamar kabewa. Abin dariya ne, har ran da a ka yi ciniki da shi. Misali, wani ya aiko maka hoton rago ta waya gabanin Layya, ya ce ka turo kuɗi. Ya durƙusa ya ɗauki ragon daga ƙasa, ya sa yaro ya tsaya can bayansa. Rago ya fito kamar maraƙi, ran da ya iso sai ka ga ɗan tunkiya. Kuɗin raken shekara ya tafi. Maganinsa mai sauƙi ne. Ka ce a sake ɗauka, babban mutum na tsaye a gefen ragon, hannunsa bisa gadon bayansa, ƙafafunsu duka suna bayyane a ƙasa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Sauran dabarun ba su da wuya. Kanga ƙaramin madubi a kwance ƙarƙashin idon waya, sai zaurenka ya fito kamar a bakin tafki, ga shi ga inuwarsa cikin ruwa. Tare hasken hantsi da rariya, sai ɗigo-ɗigon haske su zuba a fuska. Rufe idon waya da ƙyallen gidan sauro, fuska ta yi laushi, ƙuraje su ɓace. Masu neman aure sai su lura da wannan. Wadda na fi so kuwa ba ta da ƙarya ko kaɗan. In mutum yana zaune a inuwa, fuskarsa takan fito baƙi ƙirin. Sa yaro ya riƙe farin tire ko farin zane a rana, ya mai da hasken bisa fuskar. Nan da nan za ka ga ido da hanci sun fito.

Akwai kuma ta dare. Wasu wayoyi suna iya barin idonsu a buɗe daƙiƙa da yawa cikin duhu. Jingina wayar a kan turmi kada ta motsa, ka tsaya gabanta da tocila, ka rubuta sunanka a iska. Sunan zai fito da wuta. Amma da ya ke kana fuskantar waya, baƙaƙen za su juye, sai ka rubuta su a juye tun farko. Wanda ke fashin aji ba zai iya wannan ba.

Kada ku ce sai jahili a ke ruɗa da hoto. A 1917, a wani ƙauye na Ingila mai suna Cottingley, wasu 'yan mata biyu, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9, suka zana ƙananan aljanu masu fukafukai a takarda. Suka yanke su da almakashi, suka kafa su a ciyawa da dogayen allurai na hula, suka ɗauki hoto tare da su. Arthur Conan Doyle, likita ne, kuma mashahurin marubuci, ya gaskata, har ya buga hotunan a mujalla a 1920. Sai a 1983, bayan sun tsufa, matan nan suka faɗi yadda suka yi. Shekara 66 ke nan, da takarda da allura kawai. Yau kuwa kwamfuta tana ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ba ta bukatar ko allura.

Saboda haka in hoto ya zo muku a waya, musamman mai tayar da hankali, wai an ƙona wuri kaza ko an kama wane, kada ku yi saurin tura wa wani. Ku dubi inuwa tukuna. Rana ɗaya ce, inuwar abubuwan da ke fili ɗaya ba ta rabuwa, wata gabas wata yamma. Ku dubi ƙafafu, ko sun taka ƙasa. Ku ƙirga yatsu. In akwai allo ko lambar mota a ciki, ku karanta, ai yanzu kun iya. Sau da yawa rubutun zai nuna muku hoton na wata ƙasa ne dabam. Hoton katin shaida da na fasfo kuwa, kada a yi musu dabara ko ɗaya, a bar fuska yadda ta ke.

Mako mai zuwa kowane aji ya kawo gwangwani ɗaya da madubi ɗaya. Malamin aji zai kawo takarda da allura. Za mu fara da hantsi, kafin rana ta take.