Amsar Wasiƙunku: Kuɗin Haɗa Kwamfuta a Ɗakin Kwanan Ɗalibai

Wani manomi daga ƙasar Funtuwa ya rubuto cewa ɗansa da ke jami'a yana neman kuɗin haɗa kwamfuta a ɗakin kwana. Shin gaskiya ne, ko zai sayar da masararsa a banza?

To Malam, abin akwai shi. Jami'a kan ja waya daga cibiyar kwamfutocinta zuwa ɗakunan ɗalibai, kamar yadda ake jan ruwan famfo. Daga nan wata 'yar na'ura ke watsa saƙo ta iska, wato Wi-Fi. Da yaro ya shigar da sunansa da lambar sirri, sai ya karanta littattafan laburare yana zaune a gadonsa.

Amma fa a kula. Sau da yawa kuɗin yana cikin na rajista. Kuma tun 2015 jami'o'in gwamnatin tarayya ta Remita suke karɓar kuɗi, ba hannu da hannu ba. Kafin ka kai buhu kasuwa, ya nuna maka takardar biya tukuna. Ka kuma ja masa kunne kada ya ara wa kowa lambar sirrinsa, domin duk ɓarnar da aka yi da ita, shi za a tuhuma.

Allah Ya ba yaro sa'a, amin.