Tallafin Jirgin Sama Ga Ƙananan Garuruwa: Jawabi Ga Matasan Jam'iyya

 

Tun da aka fara maganar gwamnati ta riƙa biyan kamfanin jirgin sama don ya dinga sauka a filinmu, na ga an rabu biyu a cikinmu. Wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa ɓarnar kuɗin talakawa ce. To ni dai ba na goyon bayan a rufe ido a ce "eh", kuma ba na tare da masu cewa "a'a" tun kafin su ji bayani. Bari in ba ku labarin yadda Amurka ta yi, domin su ma suna biyan irin wannan tallafi.

A shekarar 1978, zamanin shugaba Jimmy Carter, Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara: kowa ya tashi inda ya ga riba, ya sa kuɗin tikitin da ya ga dama. Majalisarsu ta san abin da zai biyo baya, wato kamfanoni za su guje wa ƙananan garuruwa. Shi ya sa a cikin wannan doka aka kafa shirin Essential Air Service. Shekara goma aka ɗibar masa. Yau ya haura shekara 45 yana nan daram. Kun ga darasin farko ke nan: tallafi idan ya shiga, fitarsa sai Allah.

Amma ku duba yadda suke yi. Ma'aikatar sufurinsu ce ke yin shela, kamfanoni su yi takara, kowa ya faɗi nawa zai karɓa, a ba wanda ya dace kwangila ta 'yan shekaru. Galibi jirgi yakan je ya dawo sau biyu a rana zuwa babban filin da ke kusa. Wani kaso na kuɗin ma daga harajin jiragen waje da ke ratsa samaniyar ƙasar ba tare da sun sauka ba yake fitowa.

Sai sharuɗɗa, kuma a nan nake so ku kasa kunne. A 2011 suka ce duk garin da tallafinsa ya wuce dala 1,000 kan kowane fasinja, a cire shi. A 2012 suka ƙara da cewa sai ana samun aƙalla mutum 10 da ke hawa jirgi a rana, sai fa garin da ke da nisa sosai da babban fili. Alaska da Hawaii aka ware su daga waɗannan dokoki, kuma da dalili: a Alaska akwai garuruwan da babu titin mota da ke kai wa gare su, in ba jirgi ba to sai dai ruwa.

Mu fa? Filayen Dutse, Birnin Kebbi, Gombe da Bauchi duk gwamnatocin jihohi ne suka gina su da kuɗin jama'a. Gina fili abu ne guda, cika jirgi da fasinja wani abu ne daban. Kuma babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da mota ba ta zuwa. Mai zuwa Dutse zai iya sauka a Kano ya ƙarasa a mota. Saboda haka hujjar Alaska ba tamu ba ce, sai mu nemo tamu: masu zuba jari, jigilar maniyyata, marasa lafiya, da matafiyan da ke tsoron hanya saboda rashin tsaro. Wannan na ƙarshen hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Sai dai manomin da ke ɗaukar buhun masara a kan babur ta hanyar da ruwa ya cinye, shi ma da kuɗinsa ake biyan kujerar da ta tashi babu kowa a kai.

Don haka abin da nake roƙon 'yan majalisarmu na jiha su tsaya a kai shi ne, kada a sa hannu da kowane kamfani a ɓoye. A yi shela, a yi takara. A rubuta iyakar abin da za a biya kan fasinja guda. Duk wata uku a wallafa yawan mutanen da suka hau da kuɗin da aka fitar, kowa ya gani a wayarsa. Idan shekara biyu ta cika jirgi bai fara riƙe kansa ba, a mayar da kuɗin kan hanyoyin karkara. Wannan matsayar nake so reshenmu na matasa ya rubuta ya miƙa wa shugabanni kafin a gabatar da kasafin kuɗi na baɗi.